Wace danga ce ke jure danshin bakin Gulbi?

Wani ƙanenmu ɗan kasuwa a nan Maradi ya aiko mini da tambaya. Ya sayi fili a gangaren gari, can wajen fadamar Gulbi, yana so ya yi gida a gefe guda, sauran kuma ya yi garka. Ya kewaye shi da katangar ƙasa, damina biyu a jere tana zubewa. Ya koma zana, ita ma ba ta ga kaka ba ta yi baƙi ta kwanta. Yanzu wannan ya ce masa bulo, wancan ya ce waya, wani ya ce kwano. Ya ƙara da cewa yayansa da ke zaune a Kwatano shi ma tsatsa ta cinye masa shingen ƙarfe da ƙofa, ko magani ɗaya zai yi musu su biyun?

Ƙanena, Allah ya sa wa filin albarka. Na daɗe ina aikin gini da kewayen garake tsakanin Maradi, Tibiri da Madarunfa, kuma duk dangar da aka kira ni in duba bayan ta faɗi, gindinta nake fara tonawa. Daga nan take mutuwa. Taƙi ɗaya sama da ƙasa, taƙi ɗaya ƙasa da ita, a wannan ɗan tsakanin ne ice ke ruɓewa, ƙarfe ke tsatsa, bulo ke zama gari, katangar ƙasa ke zaizayewa. Saboda haka kafin ka tambayi da me za a yi dangar, ka tambayi yadda ƙafarta za ta zauna da ruwa, da kuma ta inda ruwan zai wuce in ya zo.

Danshinmu na Maradi ba irin na Kwatano ba ne, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ruwan da muke samu a shekara yana kai-kawo wajen milimita 500, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawa a malkar Agusta. Sauran watannin iska a bushe take, hunturu ya tsotse komai, bazara ta zo da zafin da ke wuce digiri 40. To amma kai a kwari kake. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma a fadama ba sai ka yi nisa da tono ba. Ƙasar wurin laka ce, in ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsattsage. Ga ruwan gari da ke gangarowa daga tudu, ga Gulbi da ke ɗauko nasa tun daga ƙasar Katsina ta Jibiya. Kakanninmu sun san wannan da jikinsu: ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi tsohon garin daga kwari aka hau tudu. Yanzu da gari ya cika muna sake gangarawa inda suka baro, dole mu yi gini da sanin haka. Dangarka za ta jiƙe wata uku ko huɗu, ta gasu wata takwas, kuma wannan jiƙa-bushe ɗin ya fi danshi zalla ɓarna.

Ka tuna lagwanin fitila, yadda kananzir ke hawa cikinsa ba tare da an tura shi ba. Haka ruwan ƙasa ke hawa cikin katanga, ta ƙasa ce ko ta bulo. Yana hawa da gishiri da kanwar da ke cikin ƙasar. In ya fito fuskar bango iska ta busar da shi, ruwan ya tafi, gishirin ya zauna ya ƙanƙare cikin ƴan ƙofofin ginin yana tura su. Wannan farin abin da kake gani kamar an barbaɗa toka a gindin bango, shi ne. Bayan babban ruwan nan na ƙarshen Agustan 2024 da ya rusa gidaje a garin nan, na je duba wata katangar bulo da ta kwanta gaba ɗayanta cikin garkar wani bawan Allah. Layukan sama lafiya lau, har da fentinsu, in ka ƙwanƙwasa suna ƙara. Na durƙusa na sa babban yatsa a layin farko, sai ya nutse kamar na taɓa dambu. Na damƙo, yashi ya zubo ta tsakanin yatsuna. Mai garkar ya ce ruwan dare ɗaya ne ya kayar masa da ita. Na ce masa ruwan ya ture ta ne kawai, shekara da shekaru gishiri na ci mata ƙafa. Sannan duk tsawonta babu rariya ko ɗaya.

Maganar rariya kuwa, bari in ba ka lissafi, don masu gini suna raina ta. Fili mai mita 20 a 30, wato murabba'in mita 600, in aka yi ruwan milimita 50 a kansa, lita 30,000 ke nan, ganga 150 mai lita 200. Wannan ruwan filinka ne kaɗai, ban da wanda ke gangaro maka daga maƙwabta. In ya taru a bayan katanga ya kai rabin mita, kowace mita ɗaya ta katangar tana ɗauke da turin kilo 125. In ya kai mita ɗaya, turin ya koma kilo 500, nauyin buhun siminti goma ke nan suna jingine da kowace mita, ga tushe ya jiƙe ya yi laushi. Babu katangar kewaye da aka gina don ta riƙe wannan. Katanga ba madatsar ruwa ba ce.

Shi ya sa shawarata ita ce ka raba filin nan biyu a tunaninka. Gefen gida, inda iyali za su zauna kuma ana bukatar sutura, a yi katanga. Gefen garka, inda abin da kake tsoro awaki ne da shanu da yara, kada a yi katanga ko kana da kuɗinta.

Bari in fara da kayan da ka riga ka gwada. Katangar ƙasa ba abin rainawa ba ce. A tudu, in aka samu jar ƙasa mai kyau aka cuɗa da ramno, aka yi mata yaɓe kowace shekara, ta fi bulon banza daɗewa. Magina na da suna yi mata dakali a gindi don kada ruwan da ke fantsama ya ci ta, su shafe ta da makuba, su gyara mata kai kafin damina. Amma duk wannan dabarar ta ruwan sama ce. Ruwan da ke kwanciya a gindi kwana biyu ko uku ba shi da magani a ginin ƙasa, sai dai a ɗora ta bisa tushen dutse ko na bulo toshe da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa. Kuma ina roƙonka kada ka bari a ce maka a shafe ta da siminti. Siminti da ƙasa ba sa kama juna, danshi ya shiga bayan shafen ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, wata rana ka ga shafen ya ɓaɓɓako faifai-faifai da rabin bangon a jikinsa.

Zana da darnin kara kuwa kayan shekara ɗaya ne zuwa biyu, ko a tudu. A fadama gindinsu na shan laima, gara ta hau. In dole ce ta sa, a ɗaga zanar taƙi ɗaya daga ƙasa a ɗaure ta jikin tanka, kada ta taɓa ƙasa ko kaɗan, za ta ƙara kwana.

Ice shi ne inda zuciyata ke sosuwa, don dirkar kirki ta yi wuya. Ƙirya ce sarauniya, cikinta ja mai tauri da gara ke shakka, sai azarar giginya, sai marke. Amma ƙirya ta kusa ƙarewa a gonakinmu, maƙera da masu turmi sun daɗe suna binta, giginya kuwa doka ta kare ta, ba a sara sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ba zan ba ka shawarar ka sa a saro maka ɗari don kewaye garka ba, a yankin da manoma suka yi shekara arba'in suna rainon kututture don itatuwa su dawo gonaki. Abin da ke kasuwa turare ne da dogon yaro, yawanci ɗanye, ƙanana, duk farin ice. Irin wannan in ka kafa shi a laka, damina biyu ko uku ka same shi a tsaye kamar lafiyayye, ka taɓa shi ya karye daidai wuyan ƙasa. Ice ba ya ruɓewa in ya bushe sarai, kuma a can ƙasa inda iska ba ta kaiwa ruɓarsa a hankali take. Wuyan ƙasa ne ke da ruwa da iska tare, shi ya sa nan ne ke tafiya. Ana babbake gindin, ana shafa kwalta, duk suna ƙara masa ƴan shekaru. Baƙin man mota da ake jiƙa dirka da shi kuwa ban yarda da shi a garka ba. Rijiyarka gajera ce, ruwan na kusa, kuma da shi za ka shayar da salati da kabejin da mutane za su ci.

Kwano a bar shi ga mai son rufe wurin aiki na ɗan lokaci. Hadarin farkon damina da iskarsa kan mai da shi tamkar faifai, ya tumɓuke da dirkokinsa, kuma kwanon da ya tashi sama wuƙa ne. Na roba kuma ruwa ba ya cinsa, gaskiya ne, amma ranarmu na cinsa. Ka dubi kujerar roba da aka bari a tsakar gida shekara biyu, ka ga yadda take karyewa.

To, garka. Abin da na fi gamsuwa da shi bayan duk abin da na gwada shi ne haɗin abu uku: dirkar kankare, wayar raga da muke kira giriyaj, da shingen itatuwa masu rai daga ciki. Ruwa ya zo ya ratsa ya wuce, iska ta ratsa ta wuce, babu abin da za su tura.

Dirkar kankare gara ba ta cinta, ba ta ruɓewa, amma sai an yi ta da gaskiya. Ina sa a zuba ta santimita 12 a 12, tsawon mita 2 da ɗan ɗori, rodi huɗu masu lamba 8, wato kaurin milimita 8, a ciki, a ɗaure su da zobba. Haɗin ya zama buhu 7 na siminti a kowace mita kubik ta kankare, wato kilo 350. Abin da masu zubawa ke sakaci da shi shi ne rufin rodi. Dole kankare ya rufe ƙarfen da aƙalla santimita 3 ta kowane gefe. In rodin ya kwanta jikin katakon zubi, danshi zai same shi, ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, sai ta fasa kankaren daga ciki. Duk dirkar da ka gani ta tsage a tsaye da jan zane a jikinta, wannan ne ya same ta. A bar ƴan ƙofofi ko ƙugiyoyi tun wajen zubi don ɗaura waya. A yi ta ba ta ruwa safe da yamma mako guda cur, a rufe da buhunan algarara a inuwa, kada a kafa ta sai ta yi wajen mako huɗu. Rami rabin mita zuwa santimita 60, tazara mita 2 da rabi zuwa 3, dirkokin kusurwa da na ƙofa a yi musu tokara. Garka mai rabin eka ta faransa, mita 50 a 100, kewayenta mita 300 ne: dirka 100 da ƴan kai, giriyaj nadi 12 in mai mita 25 ne.

In ka fi son ƙarfe saboda saurin aiki, ɗauki mai kusurwa, wanda masu walda ke kira korniyar, ka bar bututu. Na taɓa yanka wani bututun danga da ya karye, daga waje fentinsa bai ko kwaile ba, sai jan ruwa ya tsiyayo daga ciki, bangon bututun ya koma kamar ɓawon albasa. An bar bakinsa a buɗe, ruwan sama ya cika shi, ya ci shi ta inda ba mai gani. Mai kusurwa duk jikinsa a fili yake, kana ganin tsatsa tun tana ƙarama ka kankare ka shafa jan fentin nan na hana tsatsa. Kankaren gindinsa a ɗago shi sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya, a yi masa tozo don ruwa ya gangare, kada a bar shi da kwarmi ya zama tasa.

Wayar ita ce inda ake cutar mutane. Abin da ke hana ta tsatsa shi ne tutiyar da aka lulluɓe ta da ita, kuma lulluɓin iri biyu ne. Akwai wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, tana da kauri, launinta toka-toka ne, ba ta cika sheƙi ba, in ka shafa za ka ji ɗan kaushi. Akwai wadda aka yi wa shafen lantarki, siririn lulluɓi, tana ƙyalli kamar sabon kwano, ita ce ke ɗaukar ido a kasuwa kuma ita ce mai araha. Ni kaina an taɓa sayar mini da ta biyun da sunan ta farkon, na kewaye wa wani dattijo garka da ita, damina biyu layin ƙasa ya yi ja ya tsintsinke, awaki suka shiga suka cinye masa dashen tumatir. Na biya daga aljihuna, kuma tun ranar ba na sayen waya sai na yanki guntu na nannaɗe shi jikin rodi. In lulluɓin ya tsage ko ya ɓare, na bar ta. Kaurin wayar kada ya gaza milimita 2, in ka samu 2 da rabi ya fi. Wajen ɗaurawa a ja wayoyi uku miƙaƙƙu, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗaure ragar jikinsu. Kada a binne gindin ragar cikin laka, nan take fara mutuwa. A ɗaga ta yatsa uku ko huɗu, in ana tsoron ƴan awaki a bi ƙasan da wayar ƙaya guda, wadda in ta lalace ita kaɗai za ka canza. Bayan kowane babban ruwa kuma a zaga a cire ledoji da ciyawar da suka maƙale, don in suka toshe idon ragar ta koma katanga, ruwa ya kwantar da ita.

Waya komai kyanta tana da ranar ƙarewa. Shinge mai rai kuwa kullum ƙaruwa yake, shi ya sa nake ɗaukar wayar a matsayin mai gadin shingen har ya girma. Sai dai a zaɓi icen da ke son wurin. Aguwa da muka saba gani a gonakin jigawa ba ta son ƙafarta cikin ruwa, a fadama ruɓewa take. Haka dashi, haka bini-da-zugu, wanda ga shi ƴaƴansa guba ne ga yara. Waɗannan na tudu ne. A inda ruwa ke kwanciya bagaruwa ce gwana, tana iya tsayawa cikin ruwa makonni ba ta damu ba, kamar yadda kake ganinta a bakin tafkuna, ga ƙaya, ga ƴaƴan da majema ke saye. Inda ya ɗan ɗaga, magarya da lalle. Lalle ina sonsa ƙwarai a garka, yana yin duhu in ana aske shi, ganyensa kuɗi ne, mata ma za su riƙa kula maka da shi. A gefen da ruwa ke shigowa da ƙarfi yana yankar ƙasa, a jera jema, saiwarta na nutsawa ta riƙe gaɓa.

A raini irin cikin leda tun bazara, a dasa in damina ta zauna, wajen Yuli. Layi biyu, a saɓa su kamar tafiyar hankaka, tazara santimita 40 zuwa 50. Sirrin shinge aski ne. In dashen ya kai gwiwa a datse kansa don ya yi rassa tun daga ƙasa. Wanda ya ji tausayin datsewa zai samu jerin dogayen itatuwa da ƙofofi a ƙarƙashinsu, akuya ta sunkuya ta shige. Shekara biyu zuwa uku ya rufe. Aibinsa shi ne saiwa da inuwa suna cin gefen fangali, ƙayar kuma tana tara tsuntsaye, don haka a bar kamar mita 2 tsakaninsa da shuka, hanyar baro ke nan.

Yanzu gefen gida. Bulo za a yi, amma kuɗin a zuba shi a ƙasa. Na fi son katanga mai mita 1 da 80 da tushe na gaske a kan mai mita 2 da rabi da aka ɗora bisa laka. A tona har a wuce baƙar ƙasar sama mai tsagewa a taras da mai ƙarfi, a wurinku da wuya ya gaza santimita 70 ko 80. A zuba kankare da rodi. Daga nan a hau da bulo toshe, marar rami, har a wuce shaidar da ruwa ya bari a jikin bangon maƙwabta ko kututturen itatuwa, a ƙara taƙi biyu a kai. A nan ne za a zuba ɗamarar kankare, wadda magina ke kira shenaj, a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta a kanta kafin a ci gaba da bulo mai rami. Wannan ledar ita ce ke yanke lagwanin da na faɗa maka. Kuɗinta bai kai na buhun siminti biyu ba a katanga guda, amma sau da yawa sai na tsaya a kan magini kafin ya sa ta. Ginshiƙi kowace mita 3. Tunda laka ce mai motsi, kowace mita 10 zuwa 12 a raba katangar, a tsayar da ginshiƙi biyu gefe da gefe da ɗan tsagi tsakaninsu, don in ƙasa ta motsa ta samu inda za ta numfasa maimakon ta tsage inda ta ga dama. A samanta a yi mata hula ta kankare da ta ɗan fito ta kowane gefe, kada a bar ramukan bulo suna kallon sama suna shan ruwa.

Rariya kuwa a bar ta da yawa kuma da faɗi, a gefen da ruwa ke shigowa da gefen da yake fita, gurbin bulo guda kowace mita 2 ko 3, a sa rodi ko raga saboda kaji da macizai. Ka zauna da maƙwabcinka na ƙasa kafin a huda, ku daidaita inda ruwan zai bi. Rigimar rariya ta raba zumunci da yawa a garin nan.

Bulon kansa in da hali a buga shi a filinka, a gabanka. Mai faɗin santimita 15, ni ba na yarda buhun siminti ɗaya ya wuce bulo 35, alhali na kasuwa wani sai an ja shi ya wuce 50. Kowane murabba'in mita yana cin bulo 12 da rabi, ka yi lissafinka da wannan. Gwajinsa ba wuya: karce shi da ƙusa, in ya zubo yashi ka bar shi. Ɗaga shi daidai ƙirji ka sake bisa ƙasa mai tauri, na kirki ba ya wargajewa. Yashin ma a duba shi. Zuba shi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye. Lakar da ke ciki za ta kwanta a sama, in ta yi kauri sai an wanke ko a canza wurin ɗiba. Bayan shafe kada a yi gaggawar fentin mai, yana kulle danshi a ciki ya kumbura ya ɓare. Farar ƙasa ta fi dacewa da bangon da ke kusa da ruwa, tana barinsa ya bushe. Kuma dogon yaro ko turare kada su matso katangar, a ba su mita 4 ko 5.

Game da yayanka, magani ba ɗaya ba ne. Kwatano tana samun ruwa fiye da ninki biyu na namu, damina biyu a shekara, iska ba ta bushewa, kuma tana ɗauke da gishirin teku. Mu ƙarfenmu daga gindi yake ci, shi nasa ko'ina yake ci, har saman ƙofa da ba ya taɓa ƙasa. A can baƙin ƙarfe da fenti aikin kowace shekara ne. Ya nemi alminiyom, ko ƙarfen da aka gama waldarsa sannan aka tsoma shi cikin tutiya, don walda tana ƙone lulluɓin, kuma daga tabon walda tsatsa ke farawa. In waya ce, mai tutiya da aka ƙara wa rigar roba. Ƙusoshi da maratayan ƙofa su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, in ba haka ba su za su fara tafiya su bar ƙofar a ƙasa. In kankare ne, rufin rodi ya kai santimita 4 zuwa 5, kuma kada a kusanci yashin bakin teku. Ya riƙa wanke ƙarfen da ruwan famfo lokaci-lokaci don gishirin ya sauka. Katangarsa kuma a bar mata idanu a sama iska ta riƙa ratsawa, in ba haka ba gansakuka za ta mai da ita kore.

Kai kuma kada ka sayi ko buhu ɗaya yanzu. Ka bari a yi babban ruwa, ka sa takalmin roba ka je filin tun ruwan bai janye ba, ka ga ta inda yake shigowa da inda yake kwanciya, ka kafa turaku a wuraren. Cikin Satumba ka leƙa rijiyar maƙwabta ka auna gaba nawa ne zuwa ruwa, ka tona ramin mita ɗaya a kusurwar da ta fi gangare ka dawo washegari ka duba. Dirkoki da bulo a zuba su da sanyin Disamba ko Janairu, lokacin da rana ba ta ƙona siminti, a dai rufe su saboda iskar hunturu. In ka auno zurfin ruwan da tsawon kowane gefe ka aiko mini, sai mu zauna mu fitar da adadin siminti da rodi.